Gwangwanin madara da azumin kwana 40: tarihin kyautar Kirista ga maƙwabci, daga Kaisariya zuwa Tofa

1/
Ranar Laraba 5 ga Maris 2025, muna kwana biyar da kama azumi, abokin ɗakina a makaranta ya shigo da baƙin abu a goshi. Na ce, "Malam, goge goshinka, ka shafo gawayi." Ya yi dariya ya ce toka ce, a coci aka shafa masa, su ma yau suka ɗauki nasu azumin. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Bahaushe ne gaba da baya, ɗan ƙasar Malumfashi, ɗan Katolika. Ya fi ni iya karin magana. Ni kuma ɗan Tofa ne, Musulmi, tarihi nake karantawa. In faɗa tun yanzu: ba wa'azi na zo yi ba, ba kuma gasar addini ba. Tarihin wata ɗabi'a ce ta maƙwabtanmu da muke gani ba mu tambaya.

3/
Abin da ya ja hankalina ba tokar ba ce. Washegari na ga ya huda murfin wani tsohon gwangwanin madara ya ajiye a ƙarƙashin gado. Kullum da safe, maimakon ya je wajen mai shayi, sai ya jefa N500 a ciki. Na ce, "Asusu ka buɗe?" Ya ce, "Ai ba kuɗina ba ne. Kuɗin karin kumallon da ban ci ba ne."

4/
Wannan amsar ce ta sa na shiga bincike. Ashe gwangwanin nan yana da tarihi na kusan shekara 1,900, kuma wani reshe na tarihin ya biyo ta Kano, har ya taɓo Tofa. Bari mu fara da azumin kansa, don da yawanmu mun ɗauka Kirista ba ya azumi sam.

5/
Sunansa Lent. Yana farawa ranar Larabar Toka, ya ƙare dab da bikin Ista. In ka ƙirga daga Larabar zuwa Asabar ɗin jajiberin Ista za ka samu kwana 46. Cire Lahadi shida, da yake ba a azumi ranar Lahadi, saura 40. Suna danganta adadin da kwana 40 da Linjilarsu ta ce Almasihu ya yi yana azumi a jeji.

6/
Ba irin namu ba ne na kamewa daga alfijir zuwa faɗuwar rana. A dokar Katolika ta yanzu, ranar Larabar Toka da Juma'ar da ke gaban Ista ana cin cikakken abinci sau ɗaya ne, da ɗan abin taɓawa sau biyu. Ana shan ruwa. Kowace Juma'a ta Lent ba a cin nama. Sauran kuma kowa ya zaɓi abin da zai hana kansa.

7/
Kuma ba duk Kirista ke yin sa ba. Katolika, Angilika da Otodoks su ne suka fi riƙe shi. 'Yan Otodoks na Habasha ma kwana 55 suke yi, ba nama, ba madara, ba ƙwai. Majami'u irin ECWA da Baptis ba su ɗaure kansu da shi sosai ba, suna da nasu lokutan azumi da addu'a. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

8/
Ƙafa uku aka ce Lent ke tsaye a kai, kamar murhu: addu'a, azumi, sadaka. Ranar Larabar Toka ana karanta Matiyu sura 6, inda aka jero ukun, aka kuma ja kunne kan yin su don mutane su gani. Ranar Juma'ar da ke biye ana karanta Ishaya sura 58, mai cewa azumin da ba ya kai abinci bakin mayunwaci bai cika ba.

9/
To ina gwangwani ya samo asali? A ƙarni na 2 akwai wani littafi da aka rubuta a Rum, na wani mai suna Harmas. Ya ba da umarni dalla-dalla: ranar da ka yi azumi, ka lissafa kuɗin abincin da za ka ci da ba ka yi azumin ba, ka kai wa gwauruwa ko maraya ko mabuƙaci. Lissafin abokina ke nan sak.

10/
A ƙarnin dai, wani masani a Atina mai suna Aristidis ya rubuta wa sarkin Rum bayanin halin Kirista. Cikin abin da ya lissafa: in akwai mabuƙaci a cikinsu, su kuma ba su da rara, sai su yi azumin kwana biyu ko uku don su ba shi abincin. Wato talaka ma yana da hanyar kyauta, daga cikinsa yake yankowa.

11/
Zuwa shekarar 325, lokacin babban taron malaman Kirista a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, an riga an san "kwana arba'in" a matsayin lokaci na musamman kafin Ista. Fafaroma Liyo na Ɗaya, wanda ya yi jagoranci daga 440 zuwa 461, da wuya ya yi huɗubar azumi bai haɗa ta da ciyar da talaka ba.

12/
Sai labarin Basil na Kaisariya, garin da yau ake kira Kayseri a Turkiyya. Wajen 368 zuwa 369 fari ya jawo yunwa a yankin. Attajirai suka kulle rumbuna suna jiran farashi ya hau. Kun san wannan halin, ko? Duk wanda ya taɓa leƙa kasuwar hatsi a watan Agusta ya san shi.

13/
Basil ya sayar da abin da ya gada ya sayi abinci, ya ɗora tukwane, ya riƙa ciyar da jama'a ba tare da tambayar addininsu ba, har da 'ya'yan Yahudawa. Ya kuma caccaki masu ɓoye hatsi a huɗubobinsa. Daga baya ya gina wata unguwa guda a bayan gari: masaukin baƙi, wurin jinya, da sashen kutare. Ku riƙe kalmar nan, kutare.

14/
Har abokan hamayya sun shaida. A 362 Sarki Juliyan na Rum, wanda ya bar Kiristanci ya koma addinin gumaka na kakanninsa, ya rubuta wa wani babban limamin gumaka yana ƙorafi cewa Kirista suna ciyar da nasu matalauta, suna kuma ciyar da na masu gumaka. Ya umarta a kwaikwaye su. Abin ya dame shi ne don yana janye masa mutane.

15/
A nan tambayar ta taso: wane ne maƙwabci? A Luka sura 10 akwai misalin mutumin da 'yan fashi suka yi wa duka suka yar a hanya. Malaman addininsa biyu suka wuce shi. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa rauni, ya biya masa kuɗin masauki, Basamariye ne, daga ƙabilar da ba sa ga maciji da su.

16/
Mu Musulmi muna da namu shafin a wannan tarihi. Wajen 615, da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, Annabi (SAW) ya tura sahabbai Habasha, ƙasar sarki Kirista. Ƙuraishawa suka aiko da kyaututtuka a maido su, Najashi ya saurari Ja'afar bn Abi Ɗalib, ya ƙi miƙa su. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu wannan.

17/
Yanzu mu dawo gida. A 1900 wata tawagar mishan ta CMS daga Ingila ta iso Kano, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, tare da wani matashin likita, Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai ba su wurin zama ba, ya ce su fita. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu.

18/
Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana takura wa mishan shiga masarautun Musulmi, ba don ƙaunar Musulunci ba, don gudun tarzoma. Miller ya samu zama a birnin Zariya a 1905, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929.

19/
A Kano, Kiristan farko masu yawa jirgin ƙasa ne ya kawo su. Layin dogo ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da Saliyo da Gwalkwas. Nan cocina suka tashi. Tun daga lokacin tunaninmu ya ginu kan cewa Kirista baƙo ne, yana can bayan ganuwa.

20/
Ƙofar da siyasa ta rufe, cuta ce ta buɗe ta. Kuturta ta yi yawa a Arewa a lokacin. Kuturu yana da sarkinsa, yana da unguwarsa, yawanci da bara yake ci. Ana ba shi sadaka, amma ba a cin kwano ɗaya da shi. A shekarun 1930 hukumomin En'e suka amince mishan su karɓi aikin jinyar kutare.

21/
Ƙungiyar SIM, wadda Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka fara a 1893, ita ta karɓi manyan wuraren: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. A Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. Ku dubi sunan ma, Yadakunya: wurin da mutum zai zo ya yar da kunyar ciwonsa.

22/
Da farko allurar wani mai ake yi, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiyar Indiya, ga zafi ga ƙarancin amfani. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka tabbatar da ƙwayar dapsone, kuma a Najeriya aka yi babban gwajinta, a Uzuakoli ta ƙasar Ibo, ƙarƙashin Dakta John Lowe. Daga nan kutare suka fara warkewa suna komawa gida.

23/
A 1943 SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yau yana aiki a hannun ECWA. Kakata ta wajen uwa a can aka cire mata yanar ido. Har ta rasu "asibitin Mishan" take ce masa. Ba ta fasa sallarta ba ko sau ɗaya, kuma ba ta yarda a zagi wanda ya yi mata aikin a gabanta.

24/
Ina kuɗin ke fitowa? Kaso mai yawa daga ƙananan baiko ne na talakawan coci a Kanada, Amurka da Ingila, ta hannun ƙungiyoyin taimakon kutare. Akwai wani labari sananne: a 1913 wani yaro a White Cloud ta jihar Kansas, Wilbur Chapman, ya yi kiwon alade ya sayar dala 25, ya bayar don jinyar wani yaro kuturu.

25/
Labarin ya bazu, ƙungiyar ta riƙa raba asusu mai siffar aladen ga yara a majami'u suna tara tsaba. Daga baya Katolika suka tsara irin wannan musamman don Lent: Misereor a Jamus tun 1959, akwatin Trócaire a Ayalan tun 1973. Iyali su rage ci na kwana 40, su zuba rarar a akwati. Gwangwanin abokina ɗan wannan dangi ne.

26/
To Tofa fa? Da yawa daga 'yan garinmu da ke nan ba su san cewa SIM ta kafa makarantar koyar da Littafi Mai Tsarki a Tofa ba, da Hausa ake karatu a cikinta, kuma ta koma hannun ECWA, cocin da ya tsaya da ƙafarsa a 1954. Masu bishara da fastoci da yawa na ƙasar Hausa a nan suka yi karatu.

27/
Su wa suka zo karatun? Wasu daga kudancin Zazzau, wasu daga gidajen Maguzawa, wasu kuma daga wuraren jinyar kutaren nan. Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta yi littafi a 2014 inda ta nuna yadda waɗanda suka warke a can suka zama malaman asibiti, malaman makaranta da masu bishara a ƙauyukan Arewa.

28/
A nan ne zancen ke da ƙaya, kuma ba zan tsallake ta ba. Mishan ba su ɓoye cewa burinsu mutane su karɓi Kiristanci ba. Ana ba da magani, ana wa'azi a wuri guda. Ana raba jarirai da iyayensu kutare don kada su kamu, wasu yaran suka tashi a hannun mishan suka zama Kirista. Sarakuna da malamai sun yi ƙorafi a kan haka.

29/
Don haka in ka ji dattijo ya ce "kyautar mishan da ƙugiya a ciki," ba daga sama ya ɗauko ba. Amma shi ma wanda ya ce "lokacin da kowa ke gudun kakana, su suka wanke masa gyambo," ba ƙarya ya yi ba. Dukkan biyun sun faru, sau da yawa a ɗaki guda, ga mutum guda.

30/
Ko a cikin Kirista an daɗe ana wannan muhawara. A Asiya har suna aka raɗa wa masu shiga coci don abinci, ana ce musu Kiristan shinkafa, kuma mishan da kansu suna ganin abin a matsayin gazawa. Misalin Basamariyen da suke karantawa bai ce ya tambayi mai raunin addininsa ba, kafin taimakon ko bayansa.

31/
A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe mafi yawan makarantu da asibitocin mishan. Turawan suka ragu. Abin da ya saura shi ne Hausawa Kirista da kansu, a Sumaila, Rogo, Karaye, Gwarzo, Tudun Wada, da Malumfashi da Kafur a Katsina. Manoma ne irin iyayenmu, ba su da akwatin kuɗi daga Kanada.

32/
Gyara ɗaya a nan: da yawansu ba sa son a ce musu Maguzawa, don sunan na masu addinin gargajiya ne. Suna cewa Hausawa Kirista ko Masihiyawa, har suna da ƙungiya, Tarayyar Masihiyawan Nijeriya. A 2023 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan yankin Malumfashi, bishop ɗinsa na farko.

33/
Ku saurari kalmominsu: azumi, addu'a, sadaka, zakka, sujada, baiko, alheri, zumunci. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, Miller na cikin waɗanda suka yi aikin, kuma da kalmomin da Hausa ta riga ta aro daga Larabci aka fassara shi. Shi ya sa in suna magana a kan ibada sai ka ji kamar a zaurenku.

34/
A hannunsu kyautar lokaci-lokaci ta bi kalandar gona. Babbar ranar bayarwa a majami'un karkara ita ce godiyar kaka. Bayan girbi kowa ya kawo abin da gona ta ba shi: damin dawa, gero, wake, gyaɗa, kaza, wani ma akuya. A ajiye na mai bishara, a ware na gwauraye da marayu, a sayar da wani don hidimar coci.

35/
Wannan ya fi ƙarfi a majami'un da na ce ba su cika riƙe Lent ba. Kuma bai yi wa Bahaushe baƙo ba. Manomi Musulmi yana fitar da zakkar hatsi a daidai wannan lokaci, ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar. Gona ɗaya ce, damina ɗaya ce, hannu biyu ne ke fitar da rabon talaka.

36/
Sai Kirsimeti, 25 ga Disamba, wanda a wajenmu ya faɗo daidai lokacin da rumbu ke cike. Ranar ce ta kai kwano. Yara su yi ta zirga-zirga da shinkafa da miya, cincin da nama zuwa gidajen maƙwabta. Ƙungiyoyin zumuntar mata su kai ziyara asibiti, gidan yari da gidajen waɗanda aka yi wa rasuwa.

37/
Ga wani abu da ke burge ni: a wurare da yawa a Arewa, Kirista zai kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa kaza ko akuyar Kirsimeti. Ba don bai iya riƙe wuƙa ba. Don kwanon ya shiga gidan Malam ba tare da shakka ba. Tun kafin a ɗora tukunya an riga an yi lissafin wanda za a kai wa.

38/
Da Sallah kuma kwanon ya juyo, da naman layya a ciki. Malamai sun yi maganganu mabambanta kan karɓar abincin bikin wani addini, kowa ya tambayi malaminsa, ba fagena ba ne. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne kwanon nan ya daɗe yana kai da komo, kuma inda ya daina tafiya, ba a daɗe ba wani abu ya biyo baya.

39/
Kano ta ga wannan. Oktoban 1991, rikicin zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke. Mayun 2004, ramuwar gayyar Yelwan Shendam. 29 ga Afrilun 2012, 'yan bindiga suka afka wa Kirista suna sujada a tsohuwar harabar BUK, aka kashe mutane har da farfesoshi. Kowane rikici ya ƙara raba unguwanni, ya ƙara nisan da kwano zai yi.

40/
Amma a Janairun 2012 ɗin, lokacin zanga-zangar cire tallafin mai, an ga Kirista sun yi kewaye suna gadin Musulmi suna salla a Kano, matasan Musulmi kuma suka kai ziyarar zumunci cocin Sabon Gari. A Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Filato ya ɓoye Kirista sama da 200 a gidansa da masallacinsa.

41/
A Kaduna, Fasto Yohanna Buru ya shafe shekaru yana raba hatsi ga mabuƙata Musulmi a watan Ramadan, Musulmi kuma suna kai masa ziyara da Kirsimeti. A Masar, Kibɗawan unguwar Shubra ta Alƙahira suna shimfiɗa teburin buɗa-baki a titi. Wato wasu sun ɗauki lokacin ibadar maƙwabci ya zama lokacin kyautarsu.

42/
Saura matsala guda da ta shafe mu duka. Lent yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, Kirsimeti a Disamba, Ramadan yana ja baya da kusan kwana 11 duk shekara. Amma yunwar manomi ba ta motsi: Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, farashi a Dawanau ya yi sama, zazzaɓi ya kwantar da yara.

43/
A irin ƙasarmu ta Tofa, inda gonaki suka matsu, gida na kallon gida, ba saura ba daji, abin da iyali ke nomawa sau da yawa ba ya kai su wata kakar. Kakanninmu sun ga Kakalaba a 1913 zuwa 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Duk ba su tambayi kalandar coci ko ta masallaci ba kafin su zo.

44/
A yunwar 1984 a ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya haɗa rabon abinci da sharaɗi: manomi ya bar kututturan itatuwa su toho a gonarsa. Da yunwa ta wuce, da yawa suka sare. Waɗanda suka bari suka ga amfani, dabarar ta bazu a miliyoyin hekta a Nijar. Taimakon lokacin yunwa ya koma inuwar shekara 40.

45/
Darasin da na ɗauka ke nan: lokacin ibada makaranta ce ta horar da hannu. Jarrabawar tana zuwa a Agusta, ranar da babu toka a goshi, babu tafsiri a rediyo, babu mai ɗaukar hoto, maƙwabci ya turo yaro neman rancen kwano biyu na dawa. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, irin wannan sallamar ta yawaita.

46/
Mu koma gwangwani. Istan 2025 ranar 20 ga Afrilu ta kama, amma abokina bai jira ba. Ranar Juma'a 28 ga Maris ya fasa shi. Kwana 21 ke nan in an cire Lahadi, N10,500. Na ce, "Ai azuminku bai ƙare ba." Ya ce, "Naku ne ya kusa ƙarewa. In na jira Ista, Sallarta ta wuce."

47/
Wata dattijuwa yake nufi, mai share mana baranda, mijinta ya rasu ya bar mata jikoki. Ya auno shinkafa kwano biyu da ɗan mai, ya ba ni ya ce in kai, kada in ce daga wa. Na kai. Ta ce, "Ɗan nan, Allah Ya karɓi azumin mai shi." Na ce amin, Baba. Da na dawo har ya huda wani gwangwanin.

48/
Ni da na yi kwana 29 ba karin kumallo, ba abincin rana, sai na zauna na yi lissafin inda nawa kuɗin ya tafi. Ƙanƙara, lemo, ƙosai, soyayyar buɗa-baki. A watan azumi na fi kashe kuɗi a kan cikina fiye da kowane wata. Alhali addinina bai rage ni da komai ba kan haƙƙin maƙwabci da ciyarwa.

49/
Nan zan tsaya. 'Yan Tofa, Dawakin Tofa, Rimin Gado, Bagwai: ku tambayi tsofaffinku labarin Yadakunya da asibitin ido, ku kawo mana a ƙasa, mai daɗi da mara daɗi. 'Yan'uwa Masihiyawa, ku faɗa mana yadda ake godiyar kaka a garinku. Zagi kuma ba na amsawa. Allah Ya ba mu maƙwabta nagari, Ya sa mu ma mu zama su.